Na Kashe Masa Yarima Kafin Ruwa Ya Cika

Warra, Ngaski

Zuwa ga ƙanena Garba, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Mariyamu da yara. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi kyau, babbar ɗiyata da ke Shanga ta sauka lafiya, an samu mace. To, na sauke haƙƙin zumunci. Abin da ya rage ba mai daɗi ba ne, kuma na zaɓi in rubuta shi ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, sai ka yi dariya ka ce Yaya kin cika tsoro. Takarda ba ta jin dariyarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san sai da na yi shekara arba'in na fara riƙe fensir.

Bari in tuna maka abin da zaman birni ya mantar da kai. Tun rasuwar baban su Nura, jirginsa na ruwa yana hannun yayansa, Baffa Ɗanbaba. Bana yanar ido ta rufe wa Baffa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Ya ce da an shiga watan goma zai sauka, Nura zai riƙe inji, don babu wani namiji a gidan. Ka kuma san abin da ke ƙarƙashin ruwan nan: itatuwan da ya cinye tun da aka yi dam, suna nan tsaye ba su ruɓe ba. Ba a ganin kawunansu sai yanzu da ruwa ya ja baya. A 'yan makonnin nan ne ake ɗaukar sabon matuƙi a nuna masa kowane kututture, ya haɗa shi da wata alama a tudu, kuka ko dutse ko rufin masallaci. Da ruwa ya dawo sun ɓace, sai wanda ya haddace. Wanda bai haddace ba zai ɗauki mutum sittin da buhunansu ranar kasuwa ya bi ta kansu da gudu. Ina nufin ɗana, Garba, ɗana namiji guda.

A cikin wannan hali ka aiko masa da kwamfuta, ka ce ta koyon aiki ce, ka zuba masa wasan sarakunan da a ciki. Allah ya saka maka. Wata bakwai yaron nan yana ɗaki. Rana na fitowa ya jona sola, ba ya tashi sai salla. Sau uku Baffa yana zuwa ƙofar gida da sandarsa, yana kira, Sarkin Ɗaki a fito ko sai an buga tambari? Shi kuwa sai ya leƙo ya ce Baffa gobe, yau hakimaina ne suka yi mini tawaye. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye wayar caji cikin buhun gero, ya aro wata a kasuwa. Da na kira ka, ka ce wai wasan yana buɗe ƙwaƙwalwa, wai shugabanci yake koya.

Da na ga haka sai na ce bari in san abokin gabana. Na ɗauko kujera na zauna kusa da shi na ce ya koya mini. Garba, da ka ga fuskar yaron nan. Tun rasuwar ubansa ban ga haƙoransa haka ba. Ya goge mini kujera da rigarsa, ya ce daga yau ni ce Waziri. Rubutun wasan duk Turanci ne, ba na ji, don haka na ɗauko littafina na ajin yaƙi da jahilci ina zana alamomin, ina rubuta ma'anarsu da Hausa. Kambi, sarauta. Wuƙa, makirci. Zobe biyu, aure. Takubba a gicciye, yaƙi. Kwana huɗu na yi kafin hannuna ya iya tura ɗan abin nan da ke motsa kibiya, kullum sai ta gudu ta shige teku, yana dariya yana cewa Waziri za ki nutsar mana da ƙasa.

Wannan wasa naka ba wasa ba ne, makarantar munafunci ce. Ba ka isa ka kai wa maƙwabci yaƙi ba sai ka sa malamin fada ya ƙirƙiro takardar ƙarya cewa gonar kakanka ce. In hakimi ya yi ƙarfi sai ka ba shi muƙami don ya yi shiru, kana neman asirinsa ta bayan gida. In sarki ya haifi maza da yawa, ranar da ya mutu ƙasa ta rabu, don haka sai a san yadda aka yi da ƙannen. Na ce masa a'uzubillahi, wannan ne shugabancin da kawunka ke faɗa? Ya ce Inna ai haka duniya take a da. Shi ya fara da ɗan dagaci mai ƙauye uku, ya bi zuriyarsa uba da ɗa har shekara ɗari uku na cikin wasan, har ya zama sarki mai ƙasa daga teku zuwa teku. Ya san kowane kogi na ƙasar, ya san inda doki ke ƙetarewa da inda ba ya iyawa. Amma ka tambaye shi kututture nawa ne tsakanin kwatarmu ta jirage da tsibirin farko, sai ya sosa kai.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana da kama mutum. Ran nan ina neman wa jikar sarki miji mai amfani, tuwo ya ƙone a murhu ban ji ƙauri ba. Nan na ƙara tsorata. In ni mai furfura ya riƙe ni haka, ina ga shi? A mako na uku na samu abin da nake nema. Na yi masa tambaya kamar ba komai, na ce shin wasan nan yana ƙarewa kuwa? Ya ce ba ya ƙarewa sai in sarki ya mutu babu magaji na jininsa. Ya ƙara da alfahari cewa shi irin na maza yake yi, wanda ba a komawa baya a gyara, abin da ya mutu ya mutu. Sarkinsa ya tsufa yana ciwo, annoba ta kwashe sauran zuriya har da jikar nan, saura yarima guda. Na rubuta duk wannan a littafina.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci ya bar mini abin a buɗe, ya ce Waziri a riƙe amana. Na danna takubba a kan maƙwabcin da ya fi kowa ƙarfi. Na ware 'yar runduna ƙarama. Na buɗe wurin zaɓen jagora na nemo yarima, sai sunansa ya fito. Wannan kam ba Turanci ba ne, na karanta. Ashe Nura ya sa masa sunan marigayi ubansa. Sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba shekara ashirin da takwas, sunan da ranar da malama ta ce kowa ta rubuta abin da take so, shi na fara rubutawa kafin nawa. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na tuna kan kututturen nan baƙi da ke kusa da tsibiri. Na zaɓi yarima, na tura shi, na sa kwanaki su yi gudu. Kafin a idar da salla yarima ya faɗi, tsohon ya bi shi, allo ya yi duhu da wani dogon rubutu.

Da ya dawo bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya duba allo, ya ɗauki littafina ya buɗe shafin ƙarshe, inda na jera abin da zan danna ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta a hankali. Abin da ya ce kawai shi ne, ashe Inna ba don ni kike zama a kujerar nan ba. Washegari kafin in gama dama kunu ya tafi kwata. Yau kwana tara ke nan yana bin Baffa. A gidan Baffa yake cin abinci. In mun haɗu a zaure ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya wuce. Baffa ya ce Nura ya sayi littafi yana zana ruwan, kowane kututture da alamarsa, kuma tambayarsa ta ishi kowa. Na san abin da za ka ce, wai wasan ne ya koya masa zane. Kada ka soma.

Yanzu ga dalilin takardar. Matar Baffa ta faɗa mini ka kira Nura shekaranjiya, ka ce ban kyauta ba, ya tattaro kayansa ya zo Kaduna ya huce, ku kafa sabuwar zuriya tare. Garba, kai wane irin mutum ne? Ruwa ya fara motsi, alamar da Baffa ya kafa a kwata ta nutse da taki ɗaya. Saura mako uku ko ƙasa da haka, kuma ko rabin hanyar ƙetare ba su gama ba. In ya tafi yanzu zai dawo ya tarar da ruwa shimfiɗe kamar tabarma, ya ɗauka ya san shi. Ban kyauta ba, na ji, ni na san abin da na danna, ba sai ka gaya mini ba. Ni na goya ka, ban taɓa roƙonka komai ba, kuma yau ma ba roƙo nake ba. Kada ka ƙara kiransa sai ruwa ya rufe kututture na ƙarshe. In ka sa ya bar Warra kafin nan, kada ka zo mini gaisuwa ko da me ya faru.

Kwamfutarka tana cikin kwalin da direba zai ba ka tare da wannan takarda, na naɗe ta da zane don kada ta fashe. Littafina yana ciki, ba na son ganinsa. Ka gai da Mariyamu, ita ba ruwanta, ga busasshen kifi nan nata ne. Ka gai da ɗiyarka Umma da ƙannenta. Nura bai aiko da gaisuwa ba, don bai san ina rubutu ba, kuma ko ya sani ba ta hannuna zai aiko ba. Ko zai yi shekara yana gaishe ni kamar baƙuwa, na yarda, in dai kullum da yamma zan ji ƙarar injinsa yana shigowa kwata.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Barakatu