Shuɗin Katin Baba

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mama na gaishe ka, ta ce in gaya maka muryarka ta yi tsada.

Ka ji labarin babban taron duniya da za a yi mana nan a kan ilimi? Ƙasashe sittin da wani abu. To, ƙanwarka ta samu aikin mako biyu a ofishin rajista, ni ke buga katin shaidar da kowa zai rataya a wuya. Kada ka raina, Yaya, minista ma sai ya tsaya gabana ya gyara zaman rigarsa na ɗauke shi hoto. Jan kati na shugabanni ne, shuɗi na wakilan gwamnatoci, kore na 'yan sa ido, mu 'yan aiki kuma rawaya.

Yarjejeniyar da suka zo sa wa hannu ita ce a miƙa makarantun gwamnati ga wasu manyan kamfanonin waje. Darasi ɗaya za a naɗa a can, a watsa wa yaran duniya ta allon kwamfuta, malami ya koma mai kunnawa da kashewa. Wai duniya ta zama gari ɗaya. Mama ta ce in gari ɗaya ne, me ya sa shekara huɗu ba ta sa ɗanta a ido ba?

Ƙungiyar malamai ta yi tsalle ta dire, ta ce ba ta san zancen ba. Da ƙyar aka ba su minti uku su yi magana a babban zaure ranar Alhamis, kuma Baba suka zaɓa. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da alli, yanzu an ce ya matse ta a minti uku! Kullum da safe yana tsaye a falo, agogonsa a kan tebur, yana karanta takardarsa yana datse ta da jan biro. Ka dai san Baba da jan biro. Ni da Mama mu ne ƙasashen duniya, ko tari ba a yarda mu yi ba.

Da hannuna na buga masa katinsa. Ya rataya, ya je gaban madubi ya daɗe.

A shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna. Daga asibiti nake rubuto maka. Baba yana raye, wannan na fara gaya maka kafin komai.

Yau aka buɗe taron. Baba ya ce sai ya je ya ga zauren da inda zai tsaya, wai malami ba ya shiga ajin da bai leƙa ba. Tagar ofishinmu tana kallon babbar ƙofa, don haka komai a idona aka yi. Tun safe malamai da ɗalibai suka cika titi da kwalaye, suna waƙa, 'yan sanda sun yi musu shinge da garkuwa. Wajen ƙarfe sha ɗaya wani ya yaɗa cewa an riga an sa hannu. Mutane suka tura shingen, aka sako musu barkonon tsohuwa.

Innalillahi! Yaya, ban taɓa ganin an doki mutum kamar ana bugun katifa ba sai yau. Wata malama ta faɗi, takalminta ɗaya a hannu, 'yan sanda uku suka rufar mata da kulki har ta daina kare kanta. Wani ɗalibi harsashin roba ya same shi a ido, ya durƙusa yana tare jinin da tafinsa. Daga nan ran mutane ya ɓaci gaba ɗaya. Suka fasa dakalin gefen titi suka mayar da shi duwatsu, suka kifar da motar wasu wakilai suka cinna mata wuta. Sai ihu kake ji: a nemo masu shuɗin kati, su ne suka sayar da makarantu.

Ana cikin haka na hango Baba ya fito ta ƙaramar ƙofa, yana ɗingishi, ya nufi mutanensa. Daga baya na ji cewa zuwa ya yi ya gaya musu ƙarya ce, ba a sa hannu ba, su dakata zuwa gobe. Mu ma'aikata tun ranar farko aka ja mana kunne: kafin ka fita ƙofa, cire katinka ka cusa a aljihu. Baba ba wanda ya gaya masa. Shuɗin katin na lilo a ƙirjinsa.

Hayaƙi ya rufe ido, samarin gaba sun naɗe fuska da jiƙaƙƙun tsummoki, ba wanda ya dubi fuskarsa. Dutsen farko a muƙamuƙi ya same shi. Ya ɗaga hannun dama, irin ɗagawar da yake yi in yana so aji ya yi tsit, wani ya sauke masa katakon kwali a kan yatsun. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Sakataren ƙungiya, tsohon abokinsa, ya kutsa ya kwanta a kansa yana ihun Hedimasta ne, Hedimasta ne! Sai ga 'yan sanda sun rugo ceton wakili. Suka fasa wa Sakatare kai, suka ja shi a ƙasa zuwa motarsu.

Na fito da gudu, mai gadi ya riƙe ni, na gantsara masa cizo. Da na isa, farar rigar Baba ta rine, haƙoransa biyu na kan kwalta, hannunsa na hagu na dafe da aljihun da takardar take.

Likita ya ce muƙamuƙin ya karye wuri biyu, an ɗaure shi da waya, ga yatsu uku da haƙarƙari. Ba zai yi magana ba sai bayan mako shida. Gobe ce Alhamis, Yaya.

Ka yi mana addu'a.

Auta

Asabar

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti, ina fata hankalinku ya ɗan kwanta. Baba da sauƙi, yana shan ruwa-ruwa ta tsinke. Mama ba ta bar gefen gadonsa ba.

Rediyo ta ce malamai sun far wa wakilin wata gwamnati. Da wannan hujja shugaban taro ya soke minti ukun, aka kama shugabannin ƙungiya bakwai, har da Sakatare da ɗinkinsa a ka. Ranar Alhamis aka sa hannu, aka tafa, aka ɗauki hoto. A sanarwar bayan taro har godiya suka yi wa malamai saboda gudummawarsu.

Ka tambaye ni a waya yadda aka yi katin Baba ya zama shuɗi alhali kore ya kamata, na ce maka layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau. Ni ce, Yaya. Mai koren kati ta ƙofar baya yake shiga, ya yi awa uku a layi cikin rana, ya hau matakala arba'in, ya tsaya a bene har a kira shi. Mai shuɗi ta babbar ƙofa yake shiga ya samu kujera mai laushi. Na tuna gwiwarsa, na duba hagu da dama, na danna shuɗi. Har daɗi na ji, wai na yi wa ubana gata. Garin neman gira na rasa ido. Wallahi tun Laraba in na rufe ido hannun nan nasa nake gani a sama.

Jiya na durƙusa gaban gadonsa na gaya masa. Ya yi alama a ba shi biro. Da hannun hagu ya rubuta, harufan a karkace: “Na sani tun a gaban madubi. Ni ma kujerar na so.”

Sai ya zaro takardar daga ƙarƙashin matashi, rabinta jini ya bushe a kai, ya miƙo min, ya ajiye agogonsa mai fasasshen gilashi a ƙirjinsa. Na miƙe na karanta. Ɗakin cike yake da waɗanda aka raunata ranar, malamai da ɗalibai, har da wani ɗan sanda da wuta ta ci wa hannu. Kowa ya juyo yana saurare. Da na zo inda ya ce allo ba ya gane yaron da ya zo aji da yunwa, kuka ya ci ƙarfina, da ƙyar na kai ƙarshe. Na ɗago ina jiran ya dafa kaina. Ya duba agogo, ya rubuta da jan biro: “Minti huɗu da rabi. Sake.”

Ranar Litinin za a kai su Sakatare kotu. Na gaya wa lauyansu zan tsaya in ce mutumin da aka doka ba wakilin kowace gwamnati ba ne, malami ne, kuma ni na buga katin. Ya ce aikina ya tafi, wataƙila ma a tsare ni, amma zai roƙi alƙali ya bari a karanta abin da Baba ya je faɗa. Kada ka kira don ka hana ni. Tun safe nake tsaye a gefen gado ina maimaita karatun takardar, Baba na riƙe da agogo. Na sauko zuwa minti uku da daƙiƙa goma, kuma ya ƙi yarda a cire ko kalma ɗaya.

Ka yafe min, Yaya.

Ƙanwarka,
Auta