Labule Mai Idanu

Ƙauyen su Mama,
Bayan Epe.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Naziru da duk mutanen gidanmu na Agege. Ya aikin fawa a abbatuwa? Ya ƙafar taka, ta daina kumburi? Ni ina nan ƙalau.

Anti Sikira, ƙanwar Mama, ta ce in riƙa kiranka da wayarta. Amma ka san ni, in na ji muryarka daga “lafiya lau” sai bakina ya mutu. Shi ya sa na yago takarda. Iya Ridwanu mai kai bandar kifi kasuwar Agege ita za ta ba ka.

Baba, garin nan ruwa ne gaba da baya. Mota ta ajiye mu a bakin tafki, sauran tafiyar a kwale-kwale muka yi, idona a rufe har muka iso. Kakata, Iya Agba, tana tsaye a gaɓa. Tsayuwarta irin ta Mama ce sak, har ɗaurin ɗankwalin. Tun ranar da ta zo ta'aziyyar Mama ban sake ganinta ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗago haɓata ta daɗe tana kallona. Yarbancinta na Ijebu ne, ba irin namu na Agege ba, rabi nake ji.

Gari ya cika da yaran da suka zo dogon hutu. Ana shirin bikin sabuwar shekarar Musulunci. Babban a Epe ake yi, amma nan ma suna da nasu. Maza suna yi wa kwale-kwale fenti saboda tsere, mata suna ta banda, ko'ina hayaƙi. Sunan bikin Kayo-Kayo. Anti ta ce ma'anarsa a ci a ƙoshi. Na ce ashe Cika-ciki ne! Sai na tuna wutsiyar ragon layya da ka rataye a kicin, da yadda Mama take dafa mana ita.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Iya Agba ta yi mini wani faten doya da suke kira ikokore, da kifi da jatan lande. Ta ajiye kwanon ta zauna a gabana tana kallon bakina. Wallahi da daɗi, amma kunya ta hana ni. Na ɗan taɓa na ce na ƙoshi. Ta ɗauke kwanon ta ce da Anti, “Omo baba e.” Wato 'yar ubanta ce. Ban sani ba yabo ne ko faɗa.

Ka gaishe mini da Yaya. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Mastura.

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Na ga kilishin da ka aiko, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah kada ka sake aikowa. Iya Agba ta same ni ina ci a bayan ɗaki, ta tsaya ta kalle ni ta wuce. Da rana ba ta zuba mini abinci da hannunta ba.

Yanzu na san faɗa ne. Ina taya Anti fere kifi ta ba ni labarin. Ta ce farkon zuwanka gaisuwar surukai, Iya Agba tun asuba ta sa aka kamo mata kifin da ya fi kowanne girma. Ta dafa maka ikokore da hannunta, ta kawo ta zauna. Kai kuma ka sunkuyar da kai, ka yi ta godiya, ba ka ko buɗe kwanon ba. Da ka sake zuwa haka aka yi. Sai ta ce Bahaushe yana ƙyamar abincinsu, ya ɗauki 'yarta amma ya raina tukunyarta. Mama ta yi ta gaya mata al'adarku ce, namiji ba ya cin abinci a gaban surukarsa, girmamawa ce. Ta ce ƙarya Mama take yi don ta rufa wa mijinta asiri. Anti ta ce har Mama ta rasu maganar nan tana tsakaninsu.

Baba, a nan wanda yake sonka gabanka yake zama ya ga kana ci. In ka rage, ka zage shi. Mu kuma an koya mana ragewa. Na yi ƙoƙari jiya, amma da ta zuba mini ido sai na janye hannuna daga kwanon.

Ga abin da ya sa na rubuto. Iya Agba ta ce in haɗa kayana, Iya Ridwanu za ta mayar da ni Agege kafin ranar biki. Wai kada a ce ta kashe 'yar Hausawa da yunwa. Ni ba na son tafiya. In ta yi dariya da yaran maƙwabta, muryar Mama nake ji. In na tafi haka, na san ba za ta sake cewa a kawo ni ba.

Na roƙi Anti ta roƙar mini ita, Iya Agba ta yarda in kai ranar tseren kwale-kwale. Baba, abin da zan roƙe ka yana da nauyi, da baki ba zan iya ba. Ka zo ranar, ka ci abincinta. Na san kunya ce babba a wurinka. Ni ma zan ci nawa in cinye. Ka taho da wutsiyar nan.

In na yi rashin kunya ka yafe mini.

Taka mai biyayya,
Mastura.

*

Babana na kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa gida lafiya, kwale-kwale bai sa maka jiri ba. Ka ce da Yaya Naziru ya yi asarar kallo, don jirgin unguwar su Iya Agba ne ya zo na biyu, kuma suna ta rantsuwa su ne na ɗaya.

Zan gaya maka abin da ba ka gani ba.

Da ka sauka ka durƙusa ka miƙa wa Iya Agba wutsiyar, ta juya ta a hannu ta tambayi Anti ko duk ragon abin da ya rage mata ke nan. Na daure na yi mata bayanin Cika-ciki da guntun Yarbancina, na ce Mama ce take dafa mana duk shekara. A tukunyar ikokore ta jefa ta.

Lokacin da aka ajiye maka kwano a rumfa ta jawo kujera ta zauna, na ga gumi yana bin wuyanka. Hannunka ya je ya dawo. Tarun kamun kifin da ka ga ya sauko tsakaninku, ni na ja igiyar. Na Kawu ne, ƙanen Mama, an shanya shi a kan rumfar. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce a raina in da labule, ba a gaban surukarka kake ba. Na ji ka yi bismilla.

Baba, ka san labulen nan duk idanu ne. Ta ga komai. Ba ta kalli tseren ba ko sau ɗaya, ana ta kiɗa da ihu a kan ruwa ita tana kallon hannunka. Ni ma ina gefenta na cinye nawa har na nemi ƙari, ta zuba mini ba ta ko waiwayo ba.

Da jirginku ya tashi, na je zan ɗauki kwanonka in wanke, ta riƙe hannuna. Ta ɗauka da kanta ta leƙa ciki, ta ga ko ƙayar kifin ka tsotse. Ta zauna da shi a cinyarta ta daɗe. Sannan ta kira sunan Mama a hankali, ta ce, “Risika, ashe ba ƙarya kika yi mini ba.” Na yi kuka, ta goge mini fuska da bakin zanenta, ta ce in bar ɓata mata gishirin da na ci.

Ba zan dawo ba sai an kusa komawa makaranta. Ta fara koya mini ikokore, wai hannuna ya fi bakina magana.

Ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta yadda ta faɗa. Wai ta ga ka lashe yatsu. Baɗi ka zo da Naziru, kuma ka kawo ragon gaba ɗaya. Tarun kuwa ta hana Kawu shiga ruwa da shi, ta naɗe ta ajiye maka a ɗakinta.

Allah ya bar mana kai, ya ji ƙan Mama.

Ni ce 'yar ubanta,
Mastura.