Wuyan Jitar Yaya Ya Miƙe

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Sallama da gaisuwar girmamawa daga ƙanwarka mai kewarka. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Allah Ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana taso maka idan ka daɗe a tsaye, Ya sa albarka a abin da ka je nema, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu a nan sai godiya. Inna ta warware daga tarin da ya dame ta, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ka kuwa san idan ta kai ga haka to sauƙi ya samu. Matarka Anti tana lafiya, 'yan biyu sun yi wayo, kullum suna faɗa a kan wanda zai riƙe waya idan ka kira. Babbar 'yarka kuwa, takwarata, ta kere ni tsawo, kuma har yanzu ita ce ta fi kowa nutsuwa a ajina.

Yaya, na san ka lura cewa makonni huɗun nan duk sanda ka tambaye ni labarin jitarka ta bes mai kaurin murya sai in kawo zancen ruwan sama, ko in ce layi ba shi da kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, bakina ne ya yi nauyi. Yanzu da Allah Ya kawo ƙarshen abin cikin sauƙi, na ga gara in zauna in rubuta maka komai da hannuna, don ka ji daga gare ni kafin abokanka su ba ka labari da ƙarin gishiri.

Ka tuna ranar da za ka tafi, wata goma sha huɗu ke nan, ka miƙa mini ita ka ce amana ce, tunda a hannunka na koyi kiɗan kuma na san darajarta. To ni da zaƙewa irin tawa, a ranar na zauna na goge ta tas, sannan na ce bari in hutar da ita. Na murɗa kunnuwanta har tsirkiyoyin nan huɗu suka yi laƙwas, don a tunanina jan da suke yi wa wuya ne ke lanƙwasa shi idan aka daɗe. Na rufe ta a akwatinta, na ɗora a saman kabad, na hana kowa taɓawa. Har Takwara na hana, alhali duk sanda ta shigo ɗakina sai ta ɗaga kai ta dubi akwatin. Na bar ta tana ta fama da tsohuwar jitar makaranta a ƙungiyar kiɗa da nake kula da ita, ni kuwa ina ta yabon kaina wai na iya riƙon amana.

Da ka kira ka ce kana so yarinyar ta buga jitarka a taron ƙarshen shekara na makaranta, murnarta ba ta faɗuwa. Ranar wata Juma'a da la'asar ta biyo ni gida, muka sauke akwatin tare. Na ɗaure tsirkiyoyin, na saita su, na jona wayarta da amfilifaya mai ƙara sauti, na miƙa mata. Tana dannawa sai muka ji wata ƙara kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Ta sake gwadawa, haka. Duk inda ta danna kusa da kan jitar sai tsirkiya ta kwanta a kan ƙarafunan wuya ta yi ta ziza. Ta dube ni a hankali ta tambaya ko yatsunta ne ba su iya ba. Yaya, wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo. Na karɓa, na ɗaga jitar na hango wuyan daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ka koya mini, sai na ga ya gantsare ta baya, tsakiyarsa ta turo. Garin neman gira na rasa ido, ga taro saura mako huɗu, ga shi ka riga ka yi wa yarinya alkawari.

Washegari Asabar da hantsi na rungumi akwatin na nufi shagon Baba mai gyara, inda ku masu bes kuka saba haɗuwa. Wurin yana nan yadda ka bar shi. Bencin nan mai gajeriyar ƙafa har yanzu da bulo aka tokare shi, fankar sama tana juyi tana kuka, ga sifikoki a farke jere a jikin bango, ga warin dalma ya cika shagon. Na tarar da abokanka su uku suna shan shayi. Dogo yana ba da labarin yadda amfilifayarsa ta kunyata shi a wata liyafar aure, wai ana tsakiyar waƙar ango da amarya sai ta jawo tashar rediyo, jama'a suka ji ana karanta farashin taki. Babban Yatsa, wanda ba ya buga komai sai ya riƙa marin tsirkiya da babban yatsansa, ya ce ai gara rediyon, ko ba komai ita tana kan kari. Yana faɗa yana ta nuna sabuwar jitarsa mai tsirkiya biyar, Nas, ma'aikaciyar jinyar nan mai buga bes, ta ce masa huɗun ma bai gama da su ba ya je ya ƙaro ta biyar don yatsansa ya sami wurin kwanciya. Ita yanzu tana kiɗa duk Lahadi da yamma a lambun wani otal idan ba ta da aiki a asibiti, kuma kukanta ɗaya ne, wai mai fiyanonsu hannunsa na hagu ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana shigar mata gona. Duk suka yarda cewa mai bes kamar gishiri yake a miya, ba a tuna da shi sai ranar da babu.

Ina zaune a gefe ina murmushin yaƙe har Baba ya lura. Ya ce Malama yau ba ta gyara wa kowa magana ba, lalle akwai abin da ke cikin akwatin nan. Na buɗe. Nan take kowa ya gane jitar da ganin gurbin da babban yatsanka ya cinye a jikin katakon. Dogo ya buga sau ɗaya ya ajiye, ya girgiza kai ya ce wannan sai dai a yi mata addu'a, shi ya taɓa ganin irin haka kuma ƙarshenta ado aka yi da ita a bango. Babban Yatsa ya ce ya san inda za a samo wani wuyan a ɗaura mata, ba za ka taɓa ganewa ba. Na ce masa mutumin da ya shekara ashirin hannunsa na kan wuyan nan ko a mafarki aka canza zai farka. A lokacin, Yaya, hawaye ne kawai ban yi ba.

Baba ya sa tabarau, ya danna tsirkiya a farkon wuya da ƙarshensa, ya leƙa tsakiya. Sannan ya tambaye ni a yaya na ajiye ta. Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce 'yata, a cikin wuyan kowace jita irin wannan akwai sandar ƙarfe da ke jan sa baya, tsirkiyoyi kuma suna jan sa gaba, a tsakanin jan nan biyu yake samun miƙewa. Wai ni na sallami ɓangare ɗaya na bar ɗayan yana ja shi kaɗai fiye da shekara, to ina wuya zai nufa in ba baya ba? Nan fa suka samu abin yi. Nas ta tambaya wai ba ni ce malamar kimiyya ba, mai zana kibiya biyu a allo tana koya wa yara yadda ƙarfi ke daidaita ƙarfi? Dogo ya ce a ba shi lambar wayar shugaban makaranta ya kai ƙarata. Na ce su yi ta yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni dai a gaya mini ko za ta tashi.

Don in wanke laifina sai na ƙara wani. Na ce tunda an zo gyara, bari in sayo sababbin tsirkiyoyi, ko in tafasa tsofaffin a tukunya kamar yadda samarin yanzu ke yi don su dawo da ƙara. Ban rufe baki ba Nas ta dafe akwatin da hannu biyu. Ta ce Malama ki rufa mana asiri, tsirkiyoyin nan sun girmi wasu ɗalibanki, kuma daɗewar da suka yi ce ta ba su muryar nan mai taushi da ake gane Yayanki da ita tun daga bakin titi. Baba ya ce da tsohuwar zuma ake magani, wuya zai iya gyaruwa, amma idan na dafa tsirkiyoyin nan to shekara goma sha biyar na dafa. Ka ga da ban je wurinsu ba, da yanzu wata wasiƙar nake rubutawa.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Kan sandar ƙarfen ya cije saboda daɗewa ba a taɓa shi ba, Baba kuma ya ce idan ya matsa ya karye, to maganar Dogo ta tabbata. Ya ɗiga masa mai ya ce in dawo bayan kwana biyu. Kwana biyun nan ko abinci ban ji daɗinsa ba. Da na koma ya sa ɗan makullinsa mai lanƙwasa, ya ja numfashi, ya murɗa. Muka ji ƙas, na runtse ido, sai na ji ya ce alhamdulillahi, ya saki. Rubu'in juyi kawai ya yi ya tsaya. Na ce ya ƙara mana, ya ce katako ba ɗalibi ba ne da za a yi masa tsawa ya miƙe, abin da ya shekara yana lanƙwasa ba zai dawo a yini ɗaya ba. Haka muka yi ta yi, bayan kowane kwana uku rubu'in juyi, tsirkiyoyi a ɗaure, jita a rataye a bangonsa. Har sandar ta saki gaba ɗaya zizar ba ta gama tafiya ba. Sai ya ɗan ƙara wa tsirkiyoyin ɗauri fiye da ƙa'ida, ya ce yanzu ba sauran abin da hannunsa zai yi, sai haƙuri, kuma a riƙa buga ta. Don haka kullum aka tashi daga makaranta sai in kawo Takwara shagon ta yi awa guda tana bugawa, su kuma duk wanda ya leƙo sai ya gyara mata zama ko ya nuna mata wani salo.

Asabar ɗin da ta wuce, saura kwana biyar taro, Baba ya danna farko da ƙarshe, ya zura ɗan kati tsakanin tsirkiya da ƙarfen tsakiya, katin ya shige sumul. Ya mayar da ɗaurin daidai, ya miƙa wa yarinyar. Ta bi wuyan tun daga sama har ƙasa, gaɓa bayan gaɓa, babu ziza ko ɗaya. Muryar nan taka ce ta fito, mai kauri, mai sanyi. Dogo ya ce shi dama ya san za ta tashi, aka yi masa ca. Ni kuwa zama na yi a kan bencin nan, sai a lokacin na san ashe makonni uku ban yi numfashi mai kyau ba.

Jiya aka yi taron. Su huɗun duka suka zo suka zauna a layin baya, kusa da sifika, wai a nan ake jin gaskiyar mai bes. Takwara ta tsaya kusa da mai ganga, ta karkatar da kai gefe kamar yadda kake yi, ba ta yi gaggawa ba, ba ta ja baya ba. Iyaye suna ta tafa wa masu waƙa, ba wanda ya kula da ita, Nas ta ce wannan ita ce shaidar ta yi daidai. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Anti ta ɗauki hoton bidiyo, za ta tura maka.

Yanzu ga roƙona, Yaya. Da farko ka yafe mini ɓoyon da na yi maka, ya fi kuskuren kansa muni. Na biyu, ina neman izininka kada jitar nan ta koma saman kabad. Baba ya ce wuyan da ya taɓa gantsarewa yana son a bar shi da ɗaurinsa, a kuma riƙa taɓa shi kullum. Ni na ɗauka amana ita ce a rufe abu a hana shi wahala, ga shi hutun da na ba ta ya kusa kashe ta. Idan ka yarda, zan kai ta ɗakin 'yarka, in kafa mata ƙusa a bango nesa da taga. Amma sai na ji daga bakinka, don na daina yanke wa kayanka hukunci ni kaɗai.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Anti da 'yan biyu suna gaishe ka, haka Kawu da Goggo da maigidana. Baba mai gyara ya ce in gaya maka bencinka na jiranka. Nas da Dogo suna miƙo gaisuwa, Babban Yatsa kuma ya ce ka dawo ka ga tsirkiya ta biyar, ko da yake har yau ba mu ji ya taɓa ta ba. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka da ya yi jinyarka kwanaki. Takwara tana nan gefena, ta ce kada in rufe takardar sai na tambaye ka ko ƙusa ɗaya ta isa, ko a kafa biyu.

Taka ƙanwa mai neman afuwa,
Malamar kimiyyar da katako ya koya wa darasi