Ban Shimfiɗa Tabarmar Gaisuwa Ba

Zuwa ga ƙanena Idi, a Faransa.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina sanyi? Yaya jikin maigidana? Mu nan garin Tawa lafiya lau.

Saƙonka ya iso, cewa an ɗaura mishi inji yana taya zuciyarshi aiki kafin ta farfaɗo. Jiya wanshi ya taso daga Barmu, wai mu shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Ya ce, "Wanda inji ke riƙe da shi ai ya tafi."

Na ce, "Yaya, da ka karye kana dogara sanda, zaman makokinka muka yi?"

Ka raɗa ma maigida: duk da farin ga na rashin ruwan sama, ban taɓa irin geronshi ba. Shi zai shuka, in Allah ya so.

Ku sa mu a addu'a. Gaida iyalinka.

Yayarka,
Hadiza