Gonar Saude da Hannun da Na Sa

Alhaji Halliru Ɗan'auta,
Shiyyar 'Yan Gero, Tsamaye,
Sabon Birni.
14 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sasanta Rikicin Gonaki na Gunduma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAKARDAR TURANCI DA TA MAYAR DA ARON GONAR SAUDE USAINI SAYARWA

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne shaida na farko a takardar da kwamitinku ya karɓa ranar 6 ga Maris, 2024, kuma ina da ƙorafi a kanta kamar haka:

1. A watan Mayu 2021, lokacin da zaman ƙauye ya gagara, Saude, matar aminina marigayi Usaini, ta koma garin Isa da marayunta. Ta ba maƙwabcinta Lawwali aron gonarta yadda aka saba, wato ya noma, duk kaka ya kai mata dami guda na gero, don a san gona tana da mai ita.

2. Lawwali ya ce zamani ya canja, a rubuta. Ya tafi shagon Muntaka mai buga takardu a Sabon Birni, ya dawo da shafi uku na Turanci. Daga baya Muntaka ya faɗa mini da bakinshi cewa takarda guda gare shi a cikin kwamfuta, wadda wani lauya ya bari, sunaye kawai yake canjawa ko wane ne ya zo. Ta sayarwa ce.

3. Saude ba ta yarda ta dangwala ba sai na gani. Ranka ya daɗe, na kai kaya Maraɗi, na kai Legas, na yi ciniki da Inyamurai da Turanci ba a cuce ni ba, shi ya sa duk takardar da ta shigo shiyyarmu ni ake kawo ma. Amma wannan ba Turancin da na sani ba ne. Jimla guda ta ci rabin shafi babu inda mutum zai numfasa. Abin da na gane sunanta, da sunan Lawwali, da kalmar agirimen, wato yarjejeniya. Zaurena cike yake da mutane suna kallona. Na gyara tabarau, na juya shafi, na ce lafiya lau take. Ta dangwala, na sa hannu.

4. Bana ta dawo za ta noma abinta, aka nuna mata takarda. A zaman kwamiti an karanta ta da Turanci, ba a fassara ba, aka ce tunda Alhaji Halliru ya sa hannu magana ta ƙare. Ban samu halarta ba, Saude ce ta zo ta faɗa mini. Ko zagina ba ta yi ba, ta gaishe ni ta tafi.

5. Ina roƙon a lura da wannan: kaka uku a jere Lawwali yana kai mata dami har Isa, direban da ke ɗauka yana nan da rai. A Gobir wa ya taɓa kai dami ga gonar da ya saya?

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya dakatar da aiki da wagga takarda, a sake zama kafin ruwan shuka, a fassara ta da Hausa layi-layi a gaban Saude da Lawwali, a tambaye su ko abin da suka ƙulla ke nan. Irin geronta yana ajiye a zaurena, kullum sai na wuce shi za ni masallaci.

In kwamiti na ganin sa hannuna hujja ne, to a kira ni ranar zaman, a miƙo mini takardar a gaban jama'a, a ce in karanta. Za ni zo da tabarauna.

Allah ya ƙara ma Shugaba girma da adalci.

Naka mai biyayya,
Alhaji Halliru Ɗan'auta