An Juya Mini Birki

Litinin, 6 ga Nuwamba

Marleen, daraktar ƙungiyarmu ta tseren keke, ta kira daga Beljiyam ina tsakiyar shanya kaya. Ba gaisuwa, dama ba ta taɓa iyawa ba. Sun ɗauko sabuwar jagora, Saskia, wadda dukkanmu za mu yi wa hidima a tseren baɗi. Tsayinmu ɗaya da ita, girman kekenmu ɗaya. Wato in nata ya lalace a kan tsauni, motar ƙungiya na can baya, ni zan sauka in miƙa mata nawa.

To amma birki. Mu a nan hannun dama ne birkin gaba, su a Turai hagu ne. Shekara da shekaru ina tsere a can da birkina na gida, ba wanda ya ce uffan. Yanzu Marleen ta ce, "Tahlia, in ta hau kekenki ta matse dama a gangara tana zaton na baya ne, sai dai mu tsinto ta a rami. Ki juya shi."

In na nuna hannuna ya saba a tseren Janairu na Adelaide, ina cikin waɗanda za a tafi da su manyan tseren Turai. In ban saba ba, akwai wata yarinya 'yar Denmark mai tsayina. Shekara ɗaya ta rage a kwantiragina, shekara talatin da haihuwa kuma na ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wa zai ɗauki wadda ta shekara a benci?

Na ce to. Bakina ne dai ya ce to.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Baba ne ya juya bututun birkin a rumfar kayan aikinsa. Ya yi aikin tsaf, amma fuskar nan kamar an aiko masa da labarin mutuwa. Shi ya ɗaura mini birkin farko ina 'yar firamare.

Yana goge hannu ya ce, "Ban ƙarar da tayoyin motata ina zagaya jihar Victoria da ke don ki zama sifiya tayar wata ba."

Na ce, "Aiki ne, Baba."

Ya ce, "Na san aiki. Cin tsere ma aiki ne."

Maganar ta sosa mini inda ke ciwo, domin ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Tun ina budurwa nake ganin kaina ina tsallake layi hannuwa a sama. A Turai ban taɓa ba. Ruwa nake ɗaukowa, iska nake tarewa, ina ce wa raina watarana.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na bi ayarin masu keke na Asabar na garinmu. Labari ya riga ni isa, Beechworth ba ta riƙe sirri. Gaz mai gidan burodi na hango ni ya fara ihu, "Ku ba da hanya, ga 'yar Turai nan! Ba ta san damanta da hagunta ba!"

Inna Marg, wadda ta haura saba'in kuma har yanzu tana barin rabin mazan nan a hawa, ta ce, "Rufe mana baki, Gaz. Kai da birkinka ke daidai, ba kai ka shige shingen gonar Noel ba?"

A gangara kowa ya ba ni fili kamar mai kyanda. Na yi dariya, amma yatsuna sai tunani suke kafin su matsa. A tsere kuwa ba a tunani da yatsa.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ƙafafu lafiya lau. Hannu ne jaki.

Asabar, 2 ga Disamba

Na faɗi.

Ina gangarowa ta hanyar Stanley ni kaɗai, kangaru ya yi tsalle daga cikin itatuwa ya dira a tsakiyar kwalta. Hannun hagu ya damƙe da ƙarfi, a saninsa na baya ne. Tayar gaba ta kafe, na tashi sama na wuce ta kan keke. Shi gogan ko waiwaye bai yi ba.

Ba karaya. Kwalta ta ɗebi rabonta a kafaɗa da cinya, hular kwano ta tsage. Baba ya zo da a-kori-kurarsa ya kwashe ni. Da muka kusa gida ya ce, "Yanzu-yanzu zan mayar miki da shi yadda yake."

Saura ƙiris in ce e. Na rantse saura ƙiris. Na ce a bari tukuna, na shiga banɗaki na sha kukana a ƙarƙashin famfo, ruwan na cin ciwon.

Talata, 5 ga Disamba

Ban faɗa wa Marleen ba. Zanen gado sai manne wa ciwo yake.

Laraba, 13 ga Disamba

Ikon Allah. Da safe na fito da keke, sai ga Baba ya tayar da mota. Ya ce, "Wuce gaba. Duk sanda kika ji hon, kangaru ne. Ki tsaya."

Haka muka yi ta yi a tsohuwar hanyar ma'adinai da ba kowa. Ya bar ni in saki jiki, ina kallon gonakin inabi, sai fiiit! In na matse ba daidai ba tayar baya ta ɗaga, ya leƙo ta taga, "Kangaru ya kashe 'yar Turai! Sake!" Har shanun Noel suka taru a bakin waya suna kallonmu.

Bai ce ya sauya ra'ayi ba. Ya ce dai tunda na nace sai na karya wuyana, gara ya kasance a kusa. Da muka dawo ya saya mini fanken nama a wajen Gaz, ya zuba masa miyar tumatir da kansa kamar da.

Litinin, 25 ga Disamba

Kirsimeti. Zafi kamar a tanda, jatan lande a kan ƙanƙara, wasan ƙwallon kurket a tsakar gida. Yaya Bronwyn ta sake tambaya yaushe zan nemi aikin gaske. Na ɗauki abin buɗe kwalba da hagu ban sani ba, Baba ya gani ya kau da kai yana murmushi.

Talata, 9 ga Janairu

Adelaide. Ƙungiya ta iso daga sanyin Turai, rana ta mai da su jajaye kamar gauta. Saskia ba ta da yawan magana. Ta hau kekena ta zagaya harabar masauki, ta matsa birki, ta ce daidai. Sannan ta ga tabon kafaɗata ta tambaya.

Na faɗa mata. Ashe ba ta ma san an sa ni juya birki ba. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Saboda ni?" Na ce saboda kwantiragi. Ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta. Da cin abinci ta matso da kujerarta kusa da tawa, ta ce in koya mata yadda ake shafa baƙin man shafawar nan namu mai gishiri da ɗaci a burodi. Ta lafta shi kamar man gyaɗa. Na bar ta ta gutsura kafin in yi magana.

Marleen ta bi ni a mota a gangaren atisaye. Ba ta kushe komai ba. A wajenta wannan kusan yabo ne.

Lahadi, 14 ga Janairu

Bari in rubuta tun abin da ɗuminsa.

Ranar ƙarshe, hawan ƙarshe. Ayari ya watse, mu kaɗan muka rage a gaba, ni da Saskia a ciki. Ƙafafuna ban taɓa jin su haka ba. Mutane cike da gefen hanya suna kiran sunana, sunana ni, a ƙasata. Na dubi sauran na ga duk sun galabaita da zafin da ni na tashi a cikinsa. Zuciyata ta ce yau ce watarana ɗin.

Sai na ji ƙarau a bayana. Sarƙar Saskia ta tsinke, motarmu na can ƙasan tsauni.

Ban san sanda na sauka ba. Marleen na ihu a rediyon kunnena, amma kafin ta gama kiran sunana Saskia na kan kekena, ina tura ta da gudu cikin takalman tsere ina zamewa. Ta tafi. Na tsaya riƙe da mataccen keke, wani mutum mai hular kaba ya miƙo mini wayarsa muka haɗa kai muna kallo.

Gangaren nan mai kwana-kwana. Ta shiga kwanar farko a guje na rufe ido. Da na buɗe tana nan, ta kwanta a kan keken kamar nata ne tun haihuwa. Ta kamo su ɗaya bayan ɗaya. A layi ta wuce da rabin taya.

Mai hular kaba ya ce na kusa fasa masa kunne.

Lahadi, 21 ga Janairu

Gida. Marleen ta turo saƙo, kalma uku: "Kina cikin tafiyar." Jirgi farkon Fabrairu. Saskia ta ce ɗaki ɗaya take so a ba mu.

Gaz ya ce Baba ya hana kowa sakat a mashaya, wai kekenmu ne ya ci Adelaide, kuma shi ya ɗaura birkin. A gabana kuwa cewa kawai ya yi turin da na yi mata bai yi ƙarfi ba.

Na kalli maimaicin tseren ɗazu. Sau ɗaya aka nuno ni, bayana ne ma, ina gudu kamar agwagwa. Da ban sauka ba, ina jin da na ci. Na faɗa wa kaina haka a fili, na zauna ina jiran haushin ya zo. Na dafa shayi, na shanye, bai zo ba.

Wataƙila gajiya ce.