Albarkata Suka Nema

Daren Laraba, Bolori

Yau na halarci taron sakatariya, inda aka gayyace ni a matsayin tsohuwar shugabar sashen lafiya. An yanke cewa ofis ɗaya ne zai riƙa saya wa dukan sassa lasisin manhajar kwamfuta. Ban ƙi tsarin ba, domin na san ɓarnar da ake yi idan kowa ya sayi tasa. Amma manhajar da suka zaɓa ba ta buɗewa sai da intanet, alhali ƙananan asibitocinmu na bayan gari sukan yi kwanaki babu sabis. A cikinta kuma za a ajiye bayanan masu juna biyu: wadda jininta ke hawa, wadda aka taɓa yi wa tiyata.

Na ɗaga hannu. Modu, wanda ni na ɗauke shi aiki, ya yi murmushi daga kujerar shugaba.

"Hajja, ai an riga an sa hannu. Albarkarki muke nema."

Na ce, "Modu, idan mace ta zo da naƙuda manhajar ta ƙi buɗewa, albarkar tawa ungozoma za ta duba?"

Aka yi dariya har da tafi, kamar na yi barkwanci. Aka kawo mini lemo.

Na ƙi motarsu, na hau keke napep na dawo. Ƙarshen wata lasisin tsohuwar manhajar da asibitocinmu ke amfani da ita zai ƙare. Ba don a saurare ni aka kira ni ba, sai don a rubuta cewa ina wurin. Kuma an rubuta.